Ƙararrawa, OSC, notify-send ko ntfy: wace hanya ce za ta kira ka idan aiki ya ƙare a taminal?

Duk mai aiki da taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, ya san wannan halin. Ka buga umarni mai cin lokaci, ko sabunta manhajoji ne ko `rsync` ne yake kwashe gigabait talatin, ka ce bari in leƙa WhatsApp kafin ya gama. Bayan minti arba'in ka dawo ka tarar tun minti na biyu ya tsaya yana jiran ka danna Y. Wani lokacin kuma ya gama tuntuni, kana can kana jira, janareta na ta shan mai a banza. Abin da ake nema a nan bai taka kara ya karya ba: shirin ya iya cewa "na gama" ko "na faɗi" a kusurwar allo, yadda saƙon waya yake faɗowa.

Hanyoyin yin hakan gida huɗu ne. Akwai tsohuwar ƙararrawa. Akwai ɓoyayyun umarni da shiri ke cusawa cikin rubutun da yake fitarwa, waɗanda ake kira OSC, su kuma iri uku ne: 9, 777 da 99. Akwai kayan aikin da ke magana da tsarin kwamfutar kai tsaye, irin su `notify-send` a Linux da `osascript` a Mac. Sannan akwai aika saƙon ta intanet, kamar yadda ntfy ke yi. Wanda zai saka sanarwa a rubutun umarninsa na gida da wanda yake rubuta manhajar da dubban mutane za su sauke, duk a kan waɗannan za su zaɓa, amma ba amsa ɗaya za su samu ba.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Na farko, wanda ya fi sauran duka nauyi: a ina shirin yake gudana, kai kuma a ina kake zaune? Idan duka a kwamfuta ɗaya ne, kusan kowace hanya za ta yi. Idan shirin yana kan wata saba a Frankfurt kai kana Zariya ka shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, wasu hanyoyin sun faɗi tun kafin a fara. Tambayoyi biyu na biye da wannan: shin aikin yana cikin tmux ne, wato shirin da ke riƙe tagogi da yawa a cikin taminal ɗaya, kuma shin akwai taminal ma a buɗe, ko cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara masa, shi ne ya tayar da shi da asuba?

Na biyu kuɗi. Yawancinsu kyauta ne, don haka tsadar tana wajen abin da sai an girka da lokacin da saiti zai ci. Na uku ɗorewa: in ka canza taminal ko ka koma wata kwamfutar bayan shekara biyu, abin zai ci gaba da aiki? Na huɗu sauƙi. Na biyar haɗari, wato me zai iya lalacewa, ko me zai iya fita da bai kamata ya fita ba.

Ƙararrawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Harafi na 7 a jerin ASCII, wanda aka fitar a 1963, sunansa BEL, kuma a injinan Teletype na wancan zamanin ƙararrawa ce ta ƙarfe take bugawa a zahiri. Har yau yana nan:

`make; printf '\a'`

Ba a girka komai. Tana bin SSH, tana bin mosh (makamancin SSH mai jure yankewar netwok), tana ratsa tmux ba tare da wani saiti ba. A tmux ma akwai ƙari: idan aka buga ta a tagar da ba ka kallo, zai sa alamar `!` a gefen sunan tagar a layin ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne taminal na zamani ba ƙara kawai yake yi da ita ba. Terminal na Mac yana iya sa tambarinsa ya yi tsalle a Dock. PuTTY yana da zaɓin sa sunan tagar ya riƙa walƙiya a sandar ƙasa ta Windows. Windows Terminal yana da `bellStyle`. Alacritty, wanda masu shi suka ƙi cika shi da kaya, yana da `bell.command`, inda za ka ce duk lokacin da aka buga ƙararrawa a tayar da umarni kaza. Masu koyo a waya da Termux kuwa, girgiza wayar take yi.

Rauninta a fili yake, ba ta magana. Ba ta ce wane aiki ne, ba ta ce ya yi nasara ko ya faɗi. Ga shi kuma da yawa sun kashe ta da gangan, saboda Bash na buga ta duk lokacin da ka danna Tab bai sami abin cikawa ba, kuma babu mai son wannan ƙarar a ofis. Wajen ɗorewa dai babu na biyunta, abin da ya haura shekara sittin yana aiki ba gobe zai daina ba. Haɗari kuwa babu, sai dai ta ba maƙwabcin teburinka haushi.

Yadda OSC ke aiki, kafin mu rarrabe su

Taminal ba ya sanin wane shiri ne yake magana. Abin da ya sani kawai rubutu na kwararowa, yana zana shi a allo. Amma idan ya ci karo da harafin ESC, ya san abin da ke biye umarni ne gare shi, ba na nunawa ba. Da haka ake canza launin rubutu, da haka ake canza sunan taga. ESC da `]` a bayansa su ne mabuɗin OSC, kamar yadda ƙa'idar ECMA-48 ta tsara, sai lamba, sai saƙo, sai a rufe da BEL ko da ESC da `\`.

Fa'idar tana nan: tunda umarnin yana tafiya ne a cikin rubutun, duk inda rubutu ya bi shi ma zai bi. Shirin yana Frankfurt, ya fitar da haruffan, SSH ya ɗauko su kamar kowane rubutu, taminal ɗin da ke gabanka ya karanta ya miƙa wa tsarin kwamfutarka, sanarwa ta faɗo. Sabar ba ta buƙatar komai, ko fuskar hoto ba sai tana da ita ba. Haka ma cikin Docker idan ka shiga da `-it`. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake fifita gidan OSC ga duk mai aiki da nesa.

Sai dai ba a taɓa zama an amince da lamba ɗaya ba. Kowane mai taminal ya ƙirƙiro tasa, wasu suka kwaikwaya.

OSC 9

Daga iTerm2 na Mac ta fito, tun lokacin da Growl ne ke nuna sanarwa a can.

`printf '\033]9;An gama kwafe fayiloli\007'`

Layi ɗaya, saƙo ɗaya, babu take daban. iTerm2, WezTerm, kitty, Ghostty da foot duk suna gane ta, don haka ita ce ta fi yaɗuwa a cikin ukun. A iTerm2 sai ka tabbatar an kunna sanarwar a saitin bayanin taminal, kuma macOS ta ba shi izini.

Kowane allazi da nasa amanu. ConEmu na Windows shi ma ya ɗauki lamba 9 ya raba ta gida-gida don wasu ayyuka daban, kuma ɗaya daga cikinsu, `9;4`, ya zama hanyar nuna sandar ci gaban aiki, wadda Windows Terminal ya karɓa, wasu suka biyo baya. Ma'anar wannan gare ka: kada saƙonka ya fara da lamba da waƙafi mai ɗigo a bayanta, don wani taminal zai ɗauka umarnin ConEmu ne. Ka fara da kalma, shi ke nan. Kuma kada ka ga Windows Terminal ya san `9;4` ka zaci saƙon rubutu ma haka zai karɓe shi, aikin daban ne.

OSC 777

Wannan daga rxvt-unicode ta samo asali, inda 777 ita ce ƙofar da ake aika saƙo ga ƙarin manhajojin Perl na taminal ɗin.

`printf '\033]777;notify;Ajiyar dare;An gama lafiya\007'`

Ta fi 9 da abu ɗaya, tana raba take da jikin saƙo. foot, WezTerm da Ghostty suna gane ta. Fedora ta daɗe tana yi wa GNOME Terminal ɗinta faci don ya yi amfani da ita wajen sanar da ƙarewar umarni, abin da ya sa wasu ke zaton duk GNOME Terminal haka yake. Abin kula shi ne waƙafi mai ɗigo, domin shi ne mai raba filaye, in ya shiga cikin take sai saƙon ya rabe inda ba ka so. Ba ni da wani dogon zance a kanta. In taminal ɗinka na gane ta kuma kana son take, ɗauke ta.

OSC 99

Kovid Goyal, mai kitty, ya dubi waɗancan biyun ya ga kowacce an yi ta ne da ka, sai ya zauna ya rubuta cikakkiyar ƙa'ida, wadda ta fito a kitty 0.19 a 2020.

`printf '\033]99;i=1:d=0;Ajiyar dare\033\\'`
`printf '\033]99;i=1:p=body;An gama lafiya\033\\'`

Tsakanin waƙafan biyu akwai filin bayani. `i` suna ne da ka ba sanarwar, don ka iya sabunta ta ko ka rufe ta daga baya. `d=0` na nufin akwai saura, kada a nuna tukuna. `p` na faɗin wannan guntun take ne ko jiki. `u` na faɗin gaggawa, daga 0 zuwa 2. `e=1` na nufin saƙon an naɗe shi da base64. Ana aika dogon saƙo guntu-guntu, kowanne kada ya wuce bait 2048.

Abubuwa uku ne suka sa nake ganin ta fi sauran tsari. Da `o=unfocused` za ka ce kada a nuna sai in mutum ba ya kallon tagar, wanda shi ne ainihin abin da ake so, don babu amfanin a sanar da kai abin da idonka ke kai. Da `a=report` taminal zai mayar wa shirinka labari idan an danna sanarwar. Da `p=?` kuma shirin zai iya tambayar taminal ko ya san wannan yaren kafin ya fara magana, abin da 9 da 777 ba su da shi sam.

To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Masu gane ta ba su kai na OSC 9 yawa ba: kitty da kansa, foot, da wasu 'yan kaɗan. Ga mai rubuta manhaja kuma, karanta amsar taminal aiki ne mai ɗan wuya, sai ka sauya yanayin shigar da rubutu, ka sa iyakar lokacin jira don taminal ɗin da bai san tambayar ba shiru zai yi. Mai kitty da ke son abu don kansa ba sai ya sha wannan wahalar ba: akwai `kitten notify`, akwai kuma `notify_on_cmd_finish` a fayil ɗin saiti, wanda ke sanar da kai ƙarewar duk wani dogon umarni ba tare da ka taɓa rubutunka ba.

Ramukan da OSC ukun suka haɗa

A nan ne mutane ke ɓata yini guda, don haka bari in daɗe kaɗan.

Na farko tmux. Shi ma taminal ne a cikin taminal, yana karanta duk abin da shiri ya fitar, abin da bai gane ba ya haɗiye. Sai ka naɗe umarnin a cikin ambulan da tmux zai miƙa gaba, ka ninka kowane ESC da ke ciki:

`printf '\033Ptmux;\033\033]9;An gama\007\033\\'`

Daga tmux 3.3, wanda ya fito a 2022, wannan ƙofar a rufe take sai ka buɗe da `set -g allow-passthrough on`. Ko ka buɗe, `on` na barin ɓangaren tagar da ake gani ne kawai ya wuce. Aikin da ka bari a wata taga ta baya, wanda shi ne ya fi buƙatar sanarwa, sai ka sa `all` a sabbin fitowar tmux. Shirinka zai gane yana cikin tmux idan ya duba `$TMUX`.

Na biyu mosh. Da yawa daga cikinmu mun koma gare shi saboda yadda netwok ke yankewa, kuma yana da daɗi. Amma mosh ba rubutun yake turowa ɗanye ba, hoton allon yake daidaitawa tsakanin ɓangarorin biyu, don haka umarnin sanarwa ba ya isowa. Ƙararrawa ce kawai ke tsira.

Na uku, wanda ba shi da magani: in layi ya yanke, saƙon ya tafi. Aiki yana cikin tmux, netwok ya ɗauke, ko an ɗauke wuta batiri ya mutu, aikin ya ƙare ba kowa a haɗe. Babu inda ake ajiye sanarwar. In ka dawo ba za ka ga komai ba.

Na huɗu bututu da fayil. Idan wani ya buga `shirinka > sakamako.txt`, haruffan ESC za su shige cikin fayil ɗin su ɓata shi, sanarwa kuma ba ta fito ba. Maganin shi ne ka rubuta su zuwa `/dev/tty` kai tsaye, in babu shi ka yi shiru.

Na biyar tsaro. Idan kana saka sunan fayil ko rubutun kuskure da ya zo daga waje a cikin saƙon, ka tace haruffan sarrafawa tukuna. Wanda ya cusa BEL ko ESC a sunan fayil zai iya rufe saƙonka da wuri ya buɗe nasa umarnin ga taminal. Ta ɗaya gefen kuma, duk sabar da ka shiga, ko fayil ɗin da ka buɗe da `cat`, yana iya tura maka sanarwar da ta yi kama da ta gaske. WezTerm na da `notification_handling` don taƙaita hakan.

Sai batun gane taminal. Ana duba `TERM_PROGRAM`, ko `KITTY_WINDOW_ID`, ko `WT_SESSION`. Matsalar ita ce SSH ba ya ɗaukar waɗannan zuwa saba in ba a saita ba, `TERM` kawai yake kaiwa. iTerm2 ya yi dabara, yana saka `LC_TERMINAL`, tunda yawancin saituna na barin duk abin da ya fara da `LC_` ya wuce. Tura duka ukun a lokaci ɗaya don a huta da ganewa kuskure ne: mai WezTerm zai ga sanarwa biyu, mai foot uku.

Kuma akwai waɗanda ba su jin ko ɗaya: Terminal na Mac, Alacritty, da GNOME Terminal ɗin da ke zuwa da Ubuntu 24.04. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin ɗalibin da ya girka Ubuntu 24.04 a kan wannan yake.

notify-send da 'yan uwansa

Waɗannan ba ruwansu da taminal. `notify-send` yana aika saƙo ta D-Bus, hanyar da shirye-shiryen Linux ke magana da juna, zuwa ga mai nuna sanarwa na kwamfutar, ko GNOME ne, ko KDE, ko dunst, ko mako. A Debian da Ubuntu yana cikin kunshin `libnotify-bin`.

`notify-send -u critical "Ajiyar dare" "Ta faɗi, duba faifan"`

Ubuntu ma ta daɗe da saka laƙabin `alert` a `.bashrc` na kowa, sai ka buga `sleep 10; alert` ka gani. Akwai take, jiki, tambari, matakin gaggawa uku. Sauƙi kam ba a magana, kuma ƙa'idar freedesktop da yake bi ta zauna da gindinta, wane taminal kake amfani da shi bai dame shi ba. Ka sani dai GNOME ba ya kula `-t` na tsawon lokacin nunawa.

Matsalarsa ita ce kishiyar fa'idar OSC: yana magana da kwamfutar da aka tayar da shi a kanta. Ni kaina na taɓa saka shi a ƙarshen wani rubutun ajiya a sabar haya, na gwada a kwamfutata ya yi, na kwafa can na tafi sallar la'asar. Na dawo babu sanarwa, sai layin `Cannot autolaunch D-Bus without X11 $DISPLAY` a ƙasan allo. Sabar ba ta da allo balle wanda zai gani. Haka yake yi a ƙarƙashin `sudo` da cron, don ba su san adireshin D-Bus na zamanka ba. Wannan dai yana da magani in a kwamfutarka ne: ka saka `DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS=unix:path=/run/user/1000/bus` kuma ka tayar da shi da sunan mai zaman, in lambarka 1000 ce kamar yadda aka saba ga mai amfani na farko. A nan ya fi OSC, wadda ba ta da abin yi idan babu taminal. Ƙananan tarkuna biyu: saƙon da ya fara da `-` zai ɗauke shi a matsayin zaɓi sai ka sa `--` a gaba, kuma wasu masu nunawa na fassara `<` da `&` a matsayin alamun tsara rubutu.

A Mac, tun fitowar Mavericks a 2013, akwai wannan ba tare da girka komai ba:

`osascript -e 'display notification "An gama" with title "Ajiya"'`

Sanarwar na fitowa da sunan Script Editor, kuma shi za ka ba izini a saiti, abin da ke rikita mutane. `terminal-notifier` daga Homebrew ya fi shi zaɓuɓɓuka. A Windows akwai BurntToast na PowerShell da umarninsa `New-BurntToastNotification`, mai WSL, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, shi ma zai iya kiransa ta `powershell.exe`. Ga mai rubuta manhajar da za ta yi aiki ko'ina, wannan na nufin hanya uku daban da sai ya kula da su.

Wani tarko da ya shafe mu musamman: alamar ɗauri. Rubuta `'An gama cikin sa'a ɗaya'` a Bash, alamar da ke tsakiyar "sa'a" za ta rufe maganar, umarnin ya tsaya yana jira. Kalmomi irin su na'ura, ma'aikaci, 'yan, duk haka suke. Ka saka saƙon a cikin wani suna ka miƙa shi, misali `printf '\033]9;%s\007' "$sako"`. A `osascript` abin ya fi muni don ɗauri biyu ne a cikin juna. Su ƙ, ɗ da ɓ kuwa lafiya lau suke wucewa muddin tsarin na kan UTF-8.

ntfy

Philipp Heckel ne ya rubuta shi, buɗaɗɗiyar manhaja ce.

`curl -d "Ajiyar dare ta gama" ntfy.sh/wani-dogon-suna-mai-wuyar-cinka`

Ka yi rajistar wannan sunan a manhajar wayarka ko a burauza, saƙon ya iso. Ba ruwansa da SSH, tmux, mosh ko cron, kuma shi kaɗai ne a jerin nan yake jiranka: sabar na riƙe saƙo na sa'a 12, don haka in datarka ta ƙare ka sake sayowa da yamma za ka same shi. Amfanin yau da kullum kyauta ne da iyaka, akwai matakin biya, kuma kana iya girka sabarka. Pushover makamancinsa ne, ana biyansa kusan dala 5 sau ɗaya ga kowane irin na'ura. Wasu kuma bot na Telegram suke amfani da shi.

Haɗarin nan ya fi na sauran girma. A sabar jama'a, sunan da ka zaɓa shi ne mabuɗin. Duk wanda ya cinka sunan zai karanta saƙonka, zai kuma iya turo maka nasa. Kada ka sa `backup` ko sunan kamfaninku, kuma kada kalmar sirri, adireshin saba ko sunan abokin ciniki su shiga saƙon. Sannan ka rataya aikinka a wuyan wani: in sabarsu ta tsaya, ko inda kake aiki sun toshe fita intanet daga sabobinsu, shiru za ka ji.

A teburi

| Hanya | Kuɗi da girkawa | Ta SSH | Cikin tmux | Daga cron | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙararrawa | babu | i | i | a'a | ba ta ɗauke da rubutu |
| OSC 9 | babu | i | sai an buɗe ƙofa | a'a | karo da lambobin ConEmu |
| OSC 777 | babu | i | sai an buɗe ƙofa | a'a | masu gane ta ba su kai na 9 ba |
| OSC 99 | babu | i | sai an buɗe ƙofa | a'a | kitty, foot da 'yan kaɗan |
| notify-send | kunshi ɗaya | a'a | i, a gida | da saiti | kwamfutar gida kawai |
| osascript | babu | a'a | i, a gida | da wuya | izini da rikicin ɗauri |
| ntfy | kyauta da iyaka | ba ya buƙata | i | i | saƙo na bi ta hannun wasu |

Wa ya kamata ya ɗauki me

In duk aikinka a kwamfutar da ke gabanka yake, Linux ce, kada ka wahalar da kanka: `notify-send`, ko ma `alert` ɗin da ke `.bashrc`. In kana son abin ya zo da kansa ga duk umarnin da ya wuce daƙiƙa goma, girka `undistract-me`. Mai Mac a irin wannan hali, `osascript` ya ishe shi.

In yininka a SSH yake ƙarewa kuma kana zaune a gaban allo, ɗauki OSC. Mai kitty ko foot ya ɗauki 99, mai iTerm2 ya ɗauki 9, mai WezTerm ko Ghostty ya ɗauki 777 in yana son take. Ka buɗe ƙofar tmux tun ranar farko. In taminal ɗinka na cikin kurame, shawarata ka canza taminal, ya fi sauƙi a kan ƙulla ramin SSH na baya don kawai `notify-send` ya yi aiki.

In kana kan mosh, ko layinka na yawan yankewa, ko aikin na sa'o'i ne za ka tashi ka bar wurin, ntfy ne, da suna mai tsawo da saƙon da ba ya tona komai. Aikin cron a saba ma nan ya dosa.

In kuwa manhaja kake rubutawa don wasu, kada ka yanke musu hukunci. Ba su zaɓi a fayil ɗin saiti: a kashe, ƙararrawa, 9, 777, 99, ko wani umarni nasu da za a tayar. Wannan na ƙarshen shi zai ɗauke maka nauyin `notify-send`, BurntToast da ntfy gaba ɗaya. Inda ka gane taminal ɗin da tabbaci, zaɓar masa OSC ɗin da ya dace, guda ɗaya. Inda ba ka gane ba, buga ƙararrawa zuwa `/dev/tty`, kuma ka jira aikin ya ɗauki aƙalla 'yan daƙiƙu kafin ka kira mutum.